Tambayoyin da Ake Yi Mini a Zaure Game da Rubuta Waƙa

Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Ringim, kuma manomi kamar kowa a garinmu. Na haura shekara 20 ina rubuta waƙa. Tun da yara suka gane haka, zaurena ba ya rabuwa da mutane bayan La'asar: ɗalibaina, gardawan da suka yi sauka, samarin da suka dawo daga ci-rani, wani lokaci ma matar aure ta aiko yaro da takarda a ninke. Tambayoyin sukan maimaita kansu. Ga waɗanda suka fi yawa, da abin da nakan ce, iyakar abin da na koya wajen na gaba da ni.

Malam, mu da muke ƙauye me za mu rubuta? Ai komai a birni yake faruwa.

Wannan tambayar ta fi kowace ci mini rai, shi ya sa na fara da ita. Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini baiti 12 a kan teku da igiyar ruwa da jirage. Bai taɓa wuce Kano ba. Mahaifinsa kuwa masunci ne a Kogin Haɗeja, yaron ya tashi yana ɗinkin taru, ya san koma, ya san yadda ake kwanciya a kan gora a ratsa ruwa. Ya san tarwaɗa da karfasa da kurungu da ragon ruwa, ya san yadda gaiwa take shiga laka ta yi rani sukutum a ciki har ruwa ya dawo. Na ce masa, ɗana, gaiwar nan kaɗai ta ishe ka waƙa guda a kan haƙuri, kuma babu wani ɗan birni da zai riga ka. Ya yi shiru, don bai taɓa zaton abin da ake ci a gidansu zai shiga baiti ba.

Kalmomin da mawaƙi yake bukata suna nan kwance a bakin iyayenmu. Binne, firi, maimai, bununi, tumu, zangarniya, dami, ƙaiƙayi, marka. Zuwan shamuwa da yadda tsofaffi suke duban gabas su ce hadarin nan na iska ne. Ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka tsaya kusa da dillalan shanu, ko Wudil ranar Juma'a, ka kasa kunne awa ɗaya, za ka dawo da azancin da ba ya cikin ƙamus. Na'ibi Sulaimanu Wali mutumin birnin Kano ne, amma da ya so ya yi waƙar da za ta zauna a zukata, damina ya ɗauka. Mu kuma da daminar take sauka a kanmu muna ganin ba mu da abin faɗa.

Ka duba sunayen marubuta ma. Mu'azu Haɗeja, Hauwa Gwaram, da Muhammadu Gwarzo wanda littafinsa na zube ya shiga cikin biyar ɗin da suka fito daga gasar 1933 a Zariya. Kowannensu sunan garinsu yake ɗauke da shi.

Mene ne bambancin waƙar baka da rubutacciya?

Makaɗi yana da ganga ko kalangu ko kotso, yana da 'yan amshi, kuma yakan sake waƙarsa a kowane dandali gwargwadon wanda yake zaune a gabansa. Mamman Shata zai iya yin waƙa ɗaya sau goma, kowace da kamarta. Marubuci ba shi da kiɗa sai wanda ya saƙa a cikin kalmomin da kansu, kuma in ya gama ya rufe, baitin ya zauna yadda yake. Amma kada ka ɗauka rubutacciyar waƙa ta ido ce. Rerawa ake yi. Makafin da suke bara da Imfiraji ta Aliyu Namangi ba takarda suke dubawa ba, shi kansa mai waƙar makaho ne, faɗa yake yi ana rubutawa.

Dole sai na san aruli kafin in fara?

A'a. Amma dole ka sami kunne, kuma aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, hanya ce ta wasa kunnen.

Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Kowace kalmar Hausa gaɓoɓi ce, kuma gaɓa iri biyu ce: mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "ha" a hadari. Mai nauyi ita ce wadda aka ja wasalinta, ko aka rufe ta da baƙi, kamar "gee" a gero, ko "rum" a rumbu. Karin waƙa jeranta waɗannan ne bisa tsari ɗaya, ɗango bayan ɗango, wato layi bayan layi na baiti.

Faɗi "damina" a hankali: daa-mi-naa. Nauyi, sauƙi, nauyi. Alkama ma haka take, rumbuna ma haka. Wannan shi masu aruli suke kira faa'ilun. Yanzu faɗi "tumaki": tu-maa-kii. Sauƙi, nauyi, nauyi, wato fa'uulun. Ka ce "tumaki, awaki, tumaki, awaki" kana tafa cinya, to ka hau karin Mutaƙarabi ke nan ba tare da ka buɗe littafi ba. Nakan sa ɗalibaina su yi ta wannan da sunayen kayan gona har su fara jin inda kalma ta yi tuntuɓe.

Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Malamanmu na zaure sun same shi ta hanyar waƙoƙin Larabci irin su Ishiriniya da Burda, suka ga Hausa ma tana bambanta dogon wasali da gajere kamar Larabci, sai ma'aunin ya zauna mata daidai. Farfesa M. K. M. Galadanci ya yi rubutu a kan wannan haɗuwar, ya kira ta aure. Ni dai abin da na gani shi ne, mawaƙa da yawa na ƙwarai ba su san sunan karin da suke hawa ba. Murya suke ɗauka, ta wata ƙasida da suka ji a Mauludi ko ta waƙar daka, su zuba kalmominsu a kai. In kalma ta ƙi shiga muryar sai an murɗe ta, an ja abin da ba a ja, to ba wurinta ba ne, a nemo wata. Kakarka da take waƙar niƙa tana bin dutse ba ta taɓa karya kari ba. Fara daga nan, sunayen su biyo baya.

Da boko zan rubuta ko da ajami?

Da wanda hannunka ya saba. Sai dai akwai abin da gardi yake da shi wanda ɗan boko ba shi da shi. Boko ba ya nuna jan wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, haka "baƙi" na launi da "baƙi" masu sallama, haka "dawa" ta rumbu da "dawa" ta namun jeji. Ajami kuwa yana sa alif ko wawu ko ya a inda aka ja, don haka mai rubutu da shi yana ganin nauyin gaɓa da idonsa. Na sha ganin almajirin da bai taɓa shiga aji ba ya kawo waƙa karinta tsaf, ɗan aji shida kuma tasa tana ɗingishi.

Ni nakan tsara da ajami, in juya zuwa boko don yara da waya. In za ka yi boko, ka riƙe ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ. Akwai allon rubutun Hausa a kusan kowace wayar zamani, saukewa kawai ake yi.

Ɗango nawa ake sa wa baiti, kuma dole ne amsa-amo?

Akwai gwauruwa mai ɗango ɗaya, akwai 'yar ƙwar biyu, uku, huɗu, biyar. Sabon hannu ya fara da ƙwar biyu. A ƙwar biyar, ɗango huɗun farko sukan yi ƙaramin amsa-amo nasu, wato su ƙare da sauti iri ɗaya, na biyar ya koma ga babban amsa-amon da ya ratsa waƙar tun daga farko har ƙarshe. Shawarata ɗaya ce: kada ka zaɓi harafin da zai ƙare maka a baiti na bakwai. "Ya" da "wa" da "ba" suna da yalwa. Kuma in ka ga ka jawo wata kalma don kawai ta cika amsa-amo, mai sauraro ma zai gani.

Malam, wasu sun ce waƙa ba ta dace da mai addini ba.

Fatawa ta malamai ce, ni ɗalibi ne. Amma ga abin da kowa zai iya dubawa. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa masu faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Hassanu ɗan Sabitu mawaƙin Manzon Allah ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi. A ƙasarmu kuwa, da waƙa Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa suka kai karatu ga makiyayi da manomi da matar da ke cikin ɗaki, da Fulatanci da Hausa, saboda baiti yana zama a ka fiye da zube. Shi ya sa har yau rubutacciyar waƙa takan buɗe da sunan Allah da salati, ta rufe da addu'a, wani lokaci da ramzi, wato shekarar da aka yi ta a ɓoye cikin lissafin haruffa. Abin da za ka tambayi kanka shi ne me ka zuba a cikin ƙwaryar. Ƙarya da batsa da cin mutunci haramun ne ko da zube aka yi su.

Ni matar aure ce, ba na fita. Zan iya zama marubuciya?

Wannan takarda ce aka aiko mini, ga amsar da na mayar.

'Yata, Nana Asma'u ta rasu a 1864, har yau ana rera baitocinta. Da harsuna uku ta yi rubutu, kuma ta kafa 'Yan Taru, inda jagororin mata da ake kira jaji suke zuwa daga ƙauyuka su haddace waƙoƙin su koma su koya wa mata. A nan kusa da mu, Hauwa Gwaram ta yi waƙoƙin faɗakarwa, an buga nata da na Hajiya 'Yar Shehu a littafi ɗaya a Zariya. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC yake gasar Hikayata ta gajerun labarai, ta mata zalla. Ƙofa dai ba a rufe take ba.

Kuma ke kina da rumbun da ni ba ni da mabuɗinsa. Waƙoƙin raino, na daɓe, na daka, na gaɗa, habaicin da ake yi da sunan akuya, kukan amarya ranar kai ta, abin da unguwarzoma take faɗa. Injin niƙa ya shigo, dutse ya yi shiru, waƙoƙinsa suna tafiya tare da tsofaffin da suka iya su. In ba ki rubuta komai naki ba a bana, ki zauna da surukarki ki rubuta nata. Ki sanar da maigidanki abin da kike yi tun da wuri, ki karanta masa, don kada wani ya riga ki kai masa labarin a karkace.

Wa zan karanta, kuma a ina zan samu?

Sa'adu Zungur don ka ga yadda ake ɗaukar babbar magana a ɗora ta a kan baiti ba ta karye ba. Ya rasu a 1958, amma gargaɗinsa ga Arewa kamar jiya aka yi shi. Mu'azu Haɗeja don kaifin wa'azi da hoton da yake zanawa na mashayi da karuwa. Aƙilu Aliyu don wasa da harshe, a nan ban san na biyunsa ba, kuma shi ne ya yi wa masu raina Hausa faɗa a baiti. Aliyu Namangi don tausayi da tsoron Allah. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi don habaici mai zurfi.

Samunsu ne wahala. Littattafan da kamfanonin ɗab'i na Gaskiya da NNPC suka buga a Zariya sun yi ƙaranci. Ka tambayi tsofaffin malaman firamare, da yawa suna da su a adaka. Na ajami kuwa ana samu a Kasuwar Kurmi da wajen masu baza littattafai a bakin masallacin Juma'a. Wanda yake da ɗan'uwa a Jami'ar Bayero ko ta Kafin Hausa ko Kwalejin Ilimi ta Gumel ya roƙe shi ya ɗauko masa hoto. In ka samu, kada ka karanta a zuci. Ɗaga murya.

In rubuta da Hausar garinmu ko daidaitacciya?

A jarrabawa da wasiƙa, daidaitacciya. A waƙa, in kalmar Haɗejanci ce ta fi dacewa da kari da ma'ana, sa ta. Waƙoƙin masu jihadi cike suke da Sakkwatanci, ba wanda ya ce a gyara.

An ce mu rubuta sharhi a kan waƙa. Yaya ake yi?

A makaranta ana koya mana mu duba jigo, da zubi da tsari, da salo da sarrafa harshe. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wannan hanya, kuma ta yi wa nazarin Hausa babban amfani. Abin da yake damuna shi ne yadda ɗalibai suka mayar da ita fom ɗin cikewa. Jigo: wa'azi. Baiti: 40. Amsa-amo: "na". Akwai kamance, akwai siffantawa. Shi ke nan, an feɗe waƙa an rataye fata, ba a ɗanɗana naman ba.

Kafin ka ɗora alƙalami, rera waƙar sau uku. Nemo baiti ɗaya da ya tsaya maka a maƙogwaro, ka tambayi kanka me ya sa. Wace kalma ce in aka cire ta baitin zai mutu? Me ya sa ya ce "kwana" bai ce "barci" ba? Wa yake yi wa magana, a wace shekara, me ake ciki a lokacin? Waƙoƙin siyasar shekarun 1950 ba za su buɗe maka ba in ba ka san an kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 ba, da abin da talakan ƙauye yake sha a hannun masu karɓar haraji da jangali. Sannan ka faɗi ra'ayinka a fili, har da inda kake ganin mawaƙin ya gaza, cikin ladabi. Sharhin da ya yabi kowane baiti daidai wa daida bai karanta ko ɗaya ba.

Ana samun kuɗi?

Ban san wanda rubutacciyar waƙa kaɗai take ciyar da gidansa ba. Manyan da na ambata malamai ne, ko ma'aikata, ko masu wata sana'a. Ni gero da riɗi da albashi suke riƙe da ni.

Inda kuɗi yake shi ne lokacin zaɓe, kuma a nan nake jin tsoro ga samari. Za a zo da mota a ce ka yi wa wane waƙa, ka zagi wane. Shiga siyasa da waƙa ba laifi ba ne, Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu duk sun yi, amma abin da suka yarda da shi suka rera, wasunsu har suka sha wuya a kai. Kai kuma a ƙauye kake. Wanda za ka zaga, da ƙanensa kuke sahu ɗaya a masallaci, 'yarsa tana auren ɗan baffanka. Mota za ta koma Dutse, kai kana nan.

Yaya zan buga littafi?

Kada ka yi gaggawa. Na taɓa sayar da buhu huɗu na riɗi na kai wa wani mai ɗab'i a Kano. Bayan wata biyar ya ba ni kwafi 500, duk ƙugiyoyin sun zube, "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata", an haɗe ɗango biyu a layi ɗaya don a rage takarda. Na yi kwana uku ban iya buɗe kwalin a gaban iyalina ba. In za ka buga, ka ga samfur da idonka, ka karanta kowane shafi, kada ka biya duka sai ka gani.

Kafin nan ma, waƙa tana da hanyoyin da suka fi takarda sauri. Ƙungiyar mawaƙa ta Hikima a Kano, ta gidan rediyo mutane suka san ta. Yau kana iya naɗar muryarka a waya ka tura ta WhatsApp, kafin Magariba ta kai Legas wajen 'yan ci-rani. Ka ambaci sunanka a baitin ƙarshe kamar yadda magabata suke yi, don in ta yi nisa a san mai ita. Ka kuma nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA a Kano ko Dutse, ko ku haɗu ku biyar a garinku duk Juma'a kuna karanta wa juna. Wanda zai ce maka "baitin nan ya karye" ya fi mai ce maka "ma sha Allah" amfani.

Ga gona, ga makaranta, ga iyali. Yaushe ake rubutun?

Da damina ba na zama in rubuta. A bakin fartanya baitoci suke zuwa, saboda sara yana da kari nasa, sai in yi ta maimaita ɗango biyu har in dawo gida in sa a takarda. Zaman gyara sai an kai amfani rumbu, da sanyin hunturu, tsakanin Asuba da fitowar rana kafin yara su tashi. Waƙa ɗaya takan ci mini shekara. Nakan ajiye ta wata guda ban duba ba, in na dawo sai in ji wuraren da na yaudari kunnena.

Malam, ina waƙoƙinka na farko? Muna so mu gani.

Babu su a takarda. Ambaliyar 2022 da ta ci garuruwa da yawa a Jigawa ta shigo mana da dare. Muka fitar da yara da tsohuwata da awaki, ɗakin ƙasa ya zauna a kan adakar da littattafaina 14 suke ciki, na shekara 18. Da ruwa ya janye na tono su, sun zama dunƙulen laka, tawada ta bi ruwa. Ban taɓa ɗaukar hotonsu ba, kullum ina cewa sai an yi hutu. Ku kada ku yi haka: ku ɗauki hoton kowane shafi, ku tura wa mutum biyu a garuruwa daban, ku sa na takarda a leda a rataye sama saboda ruwa da gara.

Muna zaune a ajin firamaren da aka tsugunar da mu, sai na ji wata tsohuwar ɗalibata tana lallashin goyonta da wata murya da na sani. Waƙar shamuwa ce da na koya musu tun tana aji biyu. Na ce ta maimaita, ta kawo baiti 9 cikin 21. Wani direban a-kori-kura ya kawo 4 da yake rerawa a hanya. Ladaninmu yana da wata ta ta'aziyya sukutum a kansa, har da baitin da ni na manta na yi. Daga ranar na sayi sabon littafi mai shafi 80 ina bi gida gida. Zuwa yanzu na tattara waƙa 11, wasu da giɓi, wasu kuma mutane sun sauya kalma, kuma a wurare biyu tasu ta fi tawa zama a kari, na bar ta yadda suka faɗa. Ta shamuwa saura baiti 8. An ce akwai wata da aka kai aure wajen Gujungu da ta iya ta duka, ina jiran a gama girbin wake in je ranar Lahadi.